Ƙwallon Fergal Da Ya Yi Tsalle

Hassada mummunan ciwo ce, kuma mai ita take fara ci. Ku saurara, 'yan mata.

Fau!

Ƙwallon hazal, wani ɗan itace mai ɓawo kamar gyaɗa, wanda aka sa wa sunan Fergal, saurayin Nuala, ya fashe a bakin murhu, ya faɗa ƙarƙashin kujera. Na Nuala ya zauna shi kaɗai yana ci da wuta.

Kowa ya san al'adar yammacin ƙarshen Oktoba: a jera ƙwallo biyu na hazal ɗin da ke fitowa a shinge a bakin wuta da sunan masoya. In sun ƙone tare, sai aure. Wanda nasa ya gudu, mayaudari ne.

"Kin gani ko?" in ji mahaifiyar Nuala. "Dama ban yarda da yaron nan ba. Magana ta ƙare!"

"Nuala... hasken idona, dube ni," in ji Fergal. "Shingen gonarku da na sha ƙaya ina gyarawa, don wa na yi?"

Ta kasa ɗagowa, hawaye sharkaf.

Dervla, 'yar kawunta, wadda ta miƙo ƙwallayen, ta dafa ta. "Haƙuri, 'yar uwa. Wuta ba ta ƙarya."

"Wuta dai ba ta yi," in ji Kaka daga kusurwa. Ta jawo ɓawon da sandarta, ta murza shi. "Tun watan jiya na shanya hazal ɗin gidan nan a saman rufi. Wannan kuwa danshi gare shi. Ke, Dervla! Me ya jiƙa aljihunki?"

"Ruwan... ruwan sama ne, Kaka."

"A aljihu ɗaya tak ya sauka? Ja'ira! Jiƙa shi kika yi don ya fashe!"

Nuala ta share ido, ta hau tsani da kanta ta ɗauko busassu biyu, ta jera su a bakin murhu.

"In naka ya sake gudu fa?" ta tambayi Fergal.

"Sai in bi shi in kamo miki, masoyiyata."

Har mahaifiyarta sai da ta murmusa.

Ƙwallayen biyu suka kama da wuta tare, suka zama toka ɗaya.

Kafin shinge ya sake fure aka ɗaura auren. Dervla kuwa ta rasa Fergal da take so a ɓoye alhali ba nata ba ne, ta rasa 'yar uwar da suka tashi gado ɗaya, kuma Kaka ba ta ƙara karɓar ko ruwan sha daga hannunta ba.