Hular Aro a Fim Ɗin Banji

Ranar da Banji ya kawo fim ɗinsa gida, mahaifiyarsa Iya Aduke ta rufe shagonta na atamfa tun kafin la'asar, abin da ko ranar da ciwon haƙori ya kayar da ita ba ta yi ba. Ta tuƙa amala, ta kaɗa miyar ewedu, ta aika aka kira ƙawayenta biyu na kasuwar Iwo, su zo su ga abin da ɗanta ya shafe shekaru yana koya a jami'a. Morenike, yarinyar da za a kai wa kayan baiko bayan Babbar Sallah, ita ke hidimar baƙi, tana durƙusawa tana miƙa ruwan wanke hannu.

"Matarmu, zauna hakanan," in ji Iya Aduke. "Yau ke tauraruwa ce."

Fim ɗin shi ne aikin kammala karatun Banji: labarin ɗalibai biyu da suka haɗu a layin famfon hostel, suka yi rigima a kan bokiti, daga baya suka yi aure. Morenike ce yarinyar. Saurayin kuwa Gbenro ne, abokin ɗakin Banji, wani dogo mai ƙaton kai.

Da farko dariya ake ta yi. Aka nuno ɗalibai cunkushe a ɗaki, wake na tafasa a kan rishon lantarki kusa da filon wani, ga kuɗin cizo na yawo a katifa kamar shi ya biya kuɗin makaranta.

"Banji! Nan kake kwana kana ce mini lafiya lau?"

"Maami, ki bari dai ki ga ƙarshen. Ƙarshen ne bom!"

Bom ɗin kuwa ya tashi. Aka nuno Gbenro kwance rub-da-ciki gaban dangin amarya, irin gaisuwar angon Yarabawa. Aka fito da Morenike cikin aso-oke, saƙin biki na gargajiya, ta durƙusa, ta ɗora masa hula a ka. Wani tsoho mai babbar riga ya tsoma yatsa a zuma ya lasa musu, ya dafa kan amarya, leɓɓansa na motsi, kiɗa mai taushi ya rufe abin da yake faɗa.

Cokali ya suɓuce daga hannun Iya Aduke.

"Tsayar! Tsayar da shi nan!" Ta matso har hancinta na neman taɓa talabijin. "Wannan ba Baba Ajagbe ba ne?"

Shi ne kuwa. Yayan mahaifin Morenike, wanda ya riƙe ta tun rasuwar ubanta, shi ma ya rasu cikin azumin da ya wuce.

"Shi ne, Maami. Malaminmu ya ce fim ɗin da babu gaskiya a cikinsa maki kaɗan zai samu, shi ne na roƙi Baba."

"Zumar fa?"

"Ta gaske ce."

"Ya yi addu'a?"

"Ya yi sosai! Har masu riƙe fitila sai da suka yi hawaye."

Iya Aduke ta ɗora hannu biyu a ka, gwaggwaronta ya zame. "Jama'a ku zo ku gani! Yaron nan ya aurar da matarsa da kansa, ya kuma tsaya yana ɗaukar hoto!"

"Haba Maami, aktin ne fa!"

"Aktin ɗin gidanku! Mai ikon bayarwa ya bayar, ta ɗora hula, an lashi zuma. Me ya rage? Ni ba zan kai wa matar Gbenro kayan baiko ba."

Morenike ta matso gabanta. Ta zube gwiwa biyu, hawaye na zuba. "Mama, wallahi ba sunan Gbenro Baba ya kira ba. Ina durƙushe a gabansa, da kunnena na ji. Sunan Banji ya kira."

Iya Aduke ta juya ga ɗanta. "Banji, kai ka ji?"

Banji ya sunkuyar da kai. Da ya iya ƙarya da ya huta. "Ina can bayan kamara, Maami, janareta na ta ruri. Ƙaramin rakodan da muka ɗauki muryarsa da shi kuma ya ɓata tun ranar, shi ya sa na ɗora kiɗa a wurin."

"To gani ya kori ji," in ji Iya Aduke. "Bakin da ya ɗaura shi ke kwancewa, bakin nan kuwa yana cikin ƙasa."

Ƙawayen nan biyu suka sulale ko nama ba su taɓa ba. Ba don kunya ba, sauri suke kada wata ta riga su kai labari. Kafin gari ya waye sau biyu, kasuwar Iwo kaf ta san Morenike ta yi aure a makaranta. Har wata mai barkono ta tare ta tana tambaya, "Amarya, ya mai gidan naki dogo?"

Gbenro ya zo da kansa, ya kwanta a tsakar gida ya rantse da abin da zai kashe shi cewa shi ma sunan Banji ya ji, kuma ko ranar haihuwar Morenike bai sani ba. Iya Aduke ta dubi ƙeyarsa ta ce, "Tashi, ɗana, kan nan na gan shi da hula." Aka je wa limamin unguwa, ya yi dariya ya ce ba sadaki, ba niyya, babu aure. Ta saurare shi da ladabi har ya gama, suna fitowa ta ce, "Liman ya san littafi, ni na san gidanmu. Macen da ta shiga ɗaki da albarkar wani namiji a kanta ba ta zama lafiya." Ba mugunta ce ke damunta ba, tsoro ne, kuma tsoron uwa ba ya jin fatawa.

Babbar Sallah ta zo ta wuce ba a kai kaya ba. Banji ya rame, ya tsani fim ɗin da ya ba shi maki mafi yawa a ajinsu. Wata rana da hantsi ya sami Morenike tana shanya a bayan gidansu.

"Nike, shirya mu tafi Ibadan. Mu je rajista, minti kaɗan an gama. In ta ga jika za ta sauko."

Morenike ta matse zanen da ke hannunta. Zuciyarta na so, ba ta ɓoye wa kanta ba. Amma ta girgiza kai.

"In na bi ka a ɓoye, na tabbatar mata ni mai auren ɓoye ce ke nan. Da kamara ka jefa mu cikin wannan, yanzu kuma da gudu za ka ƙarasa mu?"

"To har yaushe?"

"Ban sani ba. Amma na san abin da na ji."

Haka ta ci gaba da zuwa shagon atamfa duk ranar kasuwa. Ta durƙusa ta gaida Iya Aduke, ta ninke yadudduka, ta share ƙofa. Iya ba ta ƙara ce mata "matarmu" ba, sai "yarinya", kalmar da ke sukar Morenike kamar ƙaya. Ta kan shiga bayan tulin atamfofi ta share ido, ta fito da fara'arta.

Da shekara ta kewayo, dangi suka taru don raba tufafin Baba Ajagbe. Aka buɗe akwatinsa, warin kafur ya cika ɗaki. Morenike ce ke ɗagowa tana miƙawa. Da ta ɗauko babbar rigar nan ruwan toka da ya sa a fim ɗin sai hannunta ya ji wani abu mai tauri a aljihun ciki, ɗan ƙarami kamar kwalin ashana. Rakodan da ya ɓata ne, ashe tsohon da shi ya tafi gida, ya ninke rigarsa, bai sake sa ta ba.

Ko takalmi ba ta tsaya nema ba, ta ruga wurin Banji. Banji ya sa sabon batir, suka nufi kasuwa. A tsakiyar shago, gaban masu ciniki, ya danna.

Aka ji ƙugin janareta can nesa, sai tari, sai muryar da kowa a Iwo ya sani, tana magana ƙasa-ƙasa.

"Kai dogo, ka yi haƙuri, kanka aro ne, hular ma aro ce. Ni ban iya wasa da addu'a ba. Ya Allah, ga Morenike marainiyar ƙanena. Na ba da ita ga Olabanji ɗan Aduke, wancan da ke laɓe bayan na'ura yana ba manya umarni. Ka sa Aduke ta zame mata uwa, don ba ta da wata."

Almakashi ya faɗi daga hannun Iya Aduke. Bakinta a buɗe, ta dubi rakodan, ta dubi Morenike da ke durƙushe ƙafa duk ƙura.

"Sake sawa," ta ce. Aka sake. Da aka zo wurin "ta zame mata uwa" sai ta zauna daɓas a kan tulin atamfa ta fashe da kuka.

"Wayyo ni Aduke! Mamaci ya ba ni amana, na shekara ina ce mata yarinya! Matar ɗana nake ta kora ashe!" Ta jawo Morenike ta rungume. "Matarmu, 'yata, me ya hana ki zage ni ko sau ɗaya?"

"Da na zage ki, Mama, da wace fuska zan kawo miki wannan?"

Ba a yi wata guda ba aka kai kaya, doya da zuma da rake har sai da motar ta durƙusa. Gbenro ne babban abokin ango, amma Iya Aduke ta kafa sharaɗi: kada a kuskura a gan shi da hula a wurin. Haka ya wuni cikin rana da ƙaton kansa a waje, yana kwanciya yana tashi wajen gaida manya.

'Yan'uwa matasa, abin da kuke kira wasa, a wurin iyaye wani lokaci rai ne, don haka a tambaye su kafin a kunna kamara. Iyaye kuma a riƙa sauraron yara, ido ma yakan ga rabi ya bar rabi. Da Morenike ta bi Banji Ibadan, da ranar raba tufafi ba ta ɗakin, rigar kuwa wani ƙanen Baba na ƙauye aka ba. Haƙurinta ne ya tsayar da ita a bakin akwatin nan har ta ji Baba ya sake kiran sunan mijinta.