Layin Jan Zare

A Unguwar Boro akwai wata yarinya mai tausayin tsiya. Ko kaza ta gani tana haki, sai ta nemo mata ruwa. Mamarta, Hadassah, tana aiki a gandun renon itatuwa a Kakau, kuma duk Asabar tare suke zuwa.

A gandun akwai layin ƙananan bagaruwa a cikin leda, an zagaye shi da jan zare.

"Kada ki kuskura ki taɓa layin nan," in ji Mama.

Amma yarinyar ta ga ganyensu ya yi yaushi. Wayyo! Mama na juya baya, ta ɗebo ruwa ta shayar da biyar na ƙarshen layi. Asabar uku tana yin haka a ɓoye.

A Asabar ta huɗu, shugaban gandun, Malam Zakariyya'u, ya zo dubawa. Ya tsaya kan biyar ɗin, sun yi kore shar.

"Madalla! Ga jarumanmu!"

"Malam, me suka yi?" yarinyar ta tambaya.

"Da gangan muke hana su ruwa, 'yata. Da, sai bishiya ta shekara goma ake sanin ƙarfinta. Mu muna so mu gane tun tana wata shida. Wadda ta jure ƙishirwa, irinta za a kai wa manoman bakin hamada."

Yarinyar ta dubi biyar ɗin.

"In... in ba su da ƙarfi fa?"

"Allah ya kiyaye! Dubban itatuwa za su bushe, wahalar manoma ta tashi a banza. Kuma mamarki za a zarga, don ita ke kula da layin nan."

Ya buɗe gwangwanin fenti zai sa musu alamar zaɓaɓɓu. In yarinyar ta faɗa, ta shiga uku. In ta yi shiru, Mama ta shiga tara.

"Malam, tsaya!" Ta fashe da kuka. "Ni na ba su ruwa!"

Mama ta dube ta. Kallon nan ya fi mata bulala zafi.

Malam ya rufe gwangwanin a hankali. "Kin ɓata mana wata shida. Amma gaskiyarki ta ceci shekara goma."

Aka sake gwajin daga farko. Duk Asabar yarinyar ce ke cika leda da ƙasa, har tafin hannunta ya yi kanta.

Bayan wata shida, irin biyar ɗin nan su suka fara bushewa. Wata 'yar ƙarama a tsakiyar layi ce ta tsaya koriya. Malam ya miƙa wa yarinyar fentin.

"Zo ki sa mata alama da hannunki."

Mama ta rungume ta tana murmushi. "Tausayi abu ne mai kyau. Amma in an hana ki abu, ki tambayi dalili kafin ki sa hannu. In kuma kin yi kuskure, ki faɗa da wuri."