Muryar Inna a Ƙofar Ganuwa

Ku matso kusa. Mai fitsarin kwance ya tashi tun yanzu.

Kun san Kawu Haladu, wanda ba ya son a kira shi ta baya? Da ƙuruciyarsa ya yi aikin tsinkar tuffa a wani ƙauye na ƙasar Poland. Kogi ya zagaye ƙauyen ta gefe uku. A kan tudu akwai tsohuwar ganuwar ƙasa irin tamu, ciyawa ta cinye ta, ƙofarta ɗaya.

Mai gonar, tsoho Kazimir, ya ba shi tarihinta. Shekaru aru-aru da suka wuce mahara suka zo, aka rufe ƙofar, alhali wata mata tana bakin kogi ɗibar ruwa. Ɗanta yana ciki. Ta yi ta bugu, ba a buɗe ba.

"In ka gan ta, kada ka karɓar mata kaya," in ji shi. "Wanda ya shigar mata da shi ba ya fitowa."

A wannan kakar aka aiko wa Haladu cewa Innarsa ta rasu, har an binne. Shi ne ɗan farinta, shekara huɗu rabonsa da ita. Baƙin ciki ya hana shi zama cikin mutane. Da magariba ya bi hanyar kogi shi kaɗai.

Sai ga tsohuwa tana hawan tudu da guga biyu, tana nishi. To, wanda aka yi wa tarbiyya ya wuce tsohuwa da kaya? Kafin ya tuna, hannunsa ya riga ya karɓa.

"Sannu, Iya. Kawo."

"Allah ya yi maka albarka."

Da Hausa. Da muryar Inna.

Ya bi ta. Hanyar duk laka ce, amma sawunsa kaɗai ke fitowa. Ya gani sarai. Bai damu ba, shi dai ta ƙara magana.

"Ka rame. Ba sa ba ka abinci ne?"

"Suna ba ni, Inna. Ki yafe mini, ban zo ba."

Suka iso ƙofar. Ta tsaya, ta ba shi hanya.

"Shige gaba, Haladu."

Ƙafarsa ɗaya tana sama ya tsaya cak. Inna ba ta taɓa faɗin sunansa ba. Kunyar ɗan fari. Har ta koma ga Allah "yaron nan" take cewa.

Ya ajiye gugan a hankali, ya juya yana karanta Ayatul Kursiyyu. A bayansa tana ta kiran sunan, tana kuka. Bai waiwaya ba.

Na taɓa tambayarsa ko ya ji tsoro.

"Ba tsoro ba ne," ya ce. "Sau bakwai ta kira. Na rage sauri don in ji duka."

Saboda haka in kuna cikin makoki, kada wanda ya bi hanyar tsohuwar ganuwa shi kaɗai. Ku tofa addu'a ku kwanta.