Fure na Biyar

"Sake ɗaga ta! Ka riƙe ƙugunta kamar da gaske kake son ta!" in ji mai tsara wasan, ido a kan Timofey.

Ulyana na laɓe bayan labule da allura a hannu, zuciyarta na tafasa.

A da ita Timofey ke ɗagawa a rawar Kirsimeti, kafin gwiwarta ta goce ta koma ɗakin ɗinki. Bana kuwa an sabunta wasan. An tuɓe wa yarima kayan sarauta an sa masa kwat, an kuma ƙara sumba a ƙarshe.

Zlata, wadda ta maye gurbinta a rawar, ita ce ta samu sumbar.

Ranar buɗe wasan Zlata ta shigo a gyara mata riga.

"Ulya, matse min nan... Timofey ya ce hannunsa na zamewa." Ta yi murmushi ta madubi. "Kin ga furannin da ya ɓoye a ɗakinsa? Farare! Ya san abin da nake so."

Ulyana ta matse mata rigar. Zlata na fita, ita kuma ta wuce ɗakin Timofey.

Ga su nan a kwalbar ruwa, furannin wardi biyar farare tas.

Ta fizgo ɗaya ta murƙushe, ƙaya ta soke ta. Jin takun mutane ya sa ta cusa shi a aljihu ta fice.

Da aka tashi daga wasan, mahaifiyar Ulyana, Raisa Ilyinichna, ta zagayo bayan dandali cikin baƙin gyalenta na takaba. Kullum maganarta ɗaya ce: namijin da sana'arsa rungumar mata ba miji ba ne.

Sai ga Timofey jiƙe da gumi, furanni a hannu. Zlata ta gyara tsayuwa.

Ya wuce ta.

"Raisa Ilyinichna... na zo neman auren Ulyana."

Tsohuwar ta dubi furannin, leɓenta na motsi. Fuskarta ta canza.

"Huɗu? Ni za ka miƙa wa huɗu? Biyu, huɗu, shida, ai na matattu ne, ko yaron goye ya sani! Huɗu na ajiye a kabarin babanta. Ni ma binne ni ka zo yi?"

"Na rantse da Allah biyar na saya!"

"Ƙafa ya iya, ba ƙirga ba," in ji Zlata.

"Wuce mu tafi, Ulyana!" in ji Raisa.

Ulyana ta kasa ɗaga ƙafa. Idan ta yi shiru, ta rasa shi ke nan. Idan ta yi magana, ta tona kanta a gaban Zlata.

Ta sa hannu a aljihu.

"Mama... ga na biyar ɗin. Na zaci na wata ne."



"Ulyasha..." Timofey ya kamo yatsanta mai jini. "Sumbar nan fa iska nake sumbata, tambayi masu fitilun dandali. Suna ta yi min dariya."

Raisa ta karɓi murƙushasshen furen, ta miƙar da shi a hankali, ta soka shi cikin sauran.

"Haka babanki ya sha fama da ni," ta ce, tana share ido da bakin gyale.

Sannan ta harari Timofey.

"Gobe ka zo cin abinci. Amma ka goge jan-bakin wasan nan da aka shafa maka kafin ka taka min gida."