Ranar Da Jirgin Ƙaura Ya Tashi Kan Lokaci

"Don girman Allah, Malam, ka kai ni tashar jirgi!"

Ɗan kabu-kabun ya kau da kai, ya ce, "Ki yi haƙuri, 'yar'uwa. An hana mu ɗaukar mata. In 'yan agaji sun gan ni, babur ɗin ya tahi."

Mardiyya ta juya ga na biyu, ta juya ga na uku. Amsar guda ce. Motar mata kuwa ta cika ta tafi.

Can nesa jirgi ya yi kuka.

Ta tattare hijabinta ta kama gudu...

A unguwar reluwe aka haifi Mardiyya. Kakanta yana cikin waɗanda suka shimfiɗa ƙarfen da ya zo ya tsaya a Ƙaura Namoda, ƙarshen layi, inda jirgi ke juyawa. Babanta, Malam Sha'aibu, ya tsufa yana canza wa jirage hanya, tun zamanin da gyaɗa da auduga da fatu ke cika taragu. Da ta girma, jirgin fasinja ya koma sau ɗaya a mako, ran Alhamis, shi ma sai ya ga dama.

A cikinsa wani saurayi, Armiya'u, yake duba tikiti. Ta fara ganinsa ranar da ta raka wata ƙawarta tasha, ya sauko da wata tsohuwa goye a bayansa. Daga nan kowace Alhamis sai ya zo ƙofar gidansu da rake daga Zariya.

"Sanyin idona, ni ƙarshen layi ya fi min ko'ina daɗi."

Da maganar aure ta taso, Baba dai ya ƙi.

"Yaron kirki ne, ban musa ba. Amma ba ni ba ɗan reluwe ɗiyata. Aikin ya mutu, gawarsa ce ake ja. Na ga abin da uwarki ta sha."

Gwaggo Kulsumu ta Zurmi kuwa ta daɗe tana yi wa ɗanta Muhtari kwaɗayin Mardiyya. Yana da babbar mota, irin waɗanda suka kwashe hatsin da jirgi ke ɗauka.

Sai labari ya zo cewa za a dakatar da jirgin Ƙaura.

Armiya'u ya zo ya tsaya a zaure, idonsa jawur.

"Alhamis mai zuwa ce ta ƙarshe, ban san inda za a jefa ni ba. In na gan ki a tasha, zan turo iyayena, ko sau goma Baba zai kore su. In ban gan ki ba, na san kin bi maganarsa... ba zan ƙara damunki ba."

"Zan zo, Armiya'u. Wallahi zan zo!"

A makon ne Gwaggo ta aiko a zo da Mardiyya Zurmi bikin suna. Muhtari ya yi alkawarin mayar da ita da sassafe. Ran Alhamis sai ya tsiri lodi, ya tsiri shan shayi.

"Yaya Muhtari, rana tana yi fa!"

Ya yi dariya. "Ke kamar ba 'yar reluwe ba? Yaushe jirgin Ƙaura ya taɓa tashi kahin la'asar?"

Gaskiya ya faɗa. Duk garin ba mai zuwa tasha a kan lokacin da aka rubuta. Da suka iso Ƙaura, a tashar mota ya sauke ta, ya ce taya ta sace.

Da gudu ta iso tashar jirgi, ba takalmi a ƙafa ɗaya.

Babu jirgi. Ƙarfe biyu ne kawai miƙe, da ɗan hayaƙi can wajen Gusau.

Inna Asabe mai kunu, wadda ta tsufa a bakin tashar, ta riƙo ta kafin ta faɗi.

"Ba kaya a yau, ɗiyata. Ba buhu ko guda. Mi zai tsai da shi? Tun da nake ban ga ya tashi kan lokaci ba sai yau."

"Inna... ya neme ni?"

"Ya roƙi direba ya jinkirta, direba ya yi ta sa jirgi kuka, amma dole ya tashi. A ƙofar taragon baya ya tsaya, yana duban hanyar gari har suka ɓace."

Mardiyya ba ta yi kuka a gaban Baba ba. Ta ci gaba da yi masa tuwo, tana wanke masa kaya, tana ramewa. Ta ce wa Gwaggo ko maza sun ƙare ba ta auren Muhtari. Damina ta sauka, ciyawa ta rufe layi, awaki suka koma kwana a ɗakin jira.

Wata safiya Baba ya sa babbar rigarsa.

"Zariya za ni, neman Armiya'u. Ni na ɓata, ni zan gyara."

Mutumin da bai taɓa zuwa Zariya sai a jirgi ba, ya hau motar haya.

Ran da ya dawo tana tsaye a zaure. Ya zauna a dakali, ya daɗe yana cire takalmi.

"Baba, ka same shi?"

"Na same shi. Shi ya raka ni tashar mota, har da riƙe min jaka."

"To... mi ya ce?"

Baba ya dubi ƙasa.

"Ya jira ki har watan azumi ya wuce, sai uwarsa ta matsa masa. Juma'ar da ta gabata aka ɗaura masa aure da wata. Da na gaya masa kin zo tasha da gudu, sai ya zauna a ƙasa, Mardiyya... a gaban mutane."

Ta durƙusa, ta kawar da takalman gefe.

"Sannu da hanya, Baba. Bari in kawo maka ruwa."