Saniya Mai Lamba Goma Sha Huɗu

Ranar Litinin da safe, cikin daminar 1976, Dokta Gilbert Kumai ya shigo ofishin 'yan sanda na Kafanchan yana haki. Shi ne shugaban wata ƙaramar tashar binciken cutar sammore a bayan Manchok.

"An sace mana saniya jiya, Sufeto. Mai lamba goma sha huɗu. Sau uku muna sa mata cutar tana warkewa. Jibi za mu yanka ta mu duba hantarta. Turawan da ke ɗaukar nauyin aikin sakamakon nan suke jira. In babu, sun rufe tashar."

Sufeto Mijinyawa ya bi shi garken. Kwaɗon ƙofa lafiya lau, ba a fasa ba.

"Wa ke da makulli?"

"Daga ni sai Baba Meshak, mai kiwonsu."

Aka kira dattijon, ya zo da hularsa a hannu.

"Jiya tun safe ina sujada a coci, ranka ya daɗe. Ban san komai ba."

Sufeto ya bi sawu cikin laka. Sawun kofato da na takalmin roba sun jera har bakin rafi, babu alamar turjiya. Saniyar ta san wanda ta bi.

Da Sufeto ya je coci ya tambaya, Mama Paulina matar fasto ta riƙe baki.

"Meshak? Ai shi ke buga mana ganga. Jiya haka muka yi waƙa babu ganga."

Da azahar Sufeto da Dokta suka sami Baba Meshak a kwarin bayan gonarsa, yana ba saniyar kanwa a tafin hannu. Bai gudu ba.

"Me ya sa, Baba?" in ji Sufeto.

"Shekara uku ni ke riƙe kanta ana ɗibar jini. Duk zazzaɓin da ta yi, ni na yi jinyarta. Ta warke, sai kuma a ce wuƙa?"

Dokta ya sunkuyar da kai. "Baba, abin da ke jikinta zai ceci shanu dubbai."

"Na sani, Dokta. Ubangiji ya gafarta mini. Na ɗauke ta, na kuma yi ƙarya da sujada."

Sufeto ya ciro ankwa, ya dube ta, ya mayar aljihu. Ya buɗe wa dattijon ƙofar mota da kansa.

Baba Meshak ya sa ƙafa ɗaya, ya waiwayo.

"Dokta, jibi a rufe mata ido tukuna. Tana da tsoro."