Ƙwai Huɗu Kacal

Ƙarfe bakwai da 'yan mintoci na safe aka bugo waya ofishin 'yan sanda cewa an yi haɗari a shataletalen asibiti, mace ɗaya ta rasu. Sufeto tana tsaye da kofin shayi a hannu. Dama ba ta iya zama ba. Shekara goma sha tara tana aiki amma kujerarta har yau kamar sabuwa, shi ya sa a bayan idonta ake ce mata Ba-Zama.

"Sajan, ɗauko makulli."

Sajan Dogo ya dubi burodinsa da ko gutsira bai yi ba, ya tura shi aljihu, ya bi ta.

Sun tarar da mutane sun yi cincirindo. Wata 'yar ƙaramar farar mota ce ta rabu gida biyu. Gaban yana can jikin dakalin titi, bayan kuma yana gaban wata a-kori-kura, tayoyinsa biyu a tsaye kamar yana jiran a dawo a ɗauke shi. An riga an wuce da gawar. Nas ce, ita ke tuƙa ƙaramar motar, ta fito za ta karɓi aikin safe, saura kaɗan ta shiga ƙofar asibiti.

"Wannan ai ba mota ba ce, gwangwanin madara ne," in ji wani mai shago.

"Ni ko kyauta aka ba ni ba na so," in ji na kusa da shi. "Mutum ya sayi makararsa da kansa, har da zuba mata mai!"

Sufeto ta sha jin wannan magana har ta gundure ta. Ita dai ta san ta fitar da mutane da ransu daga irin waɗannan ƙananan motoci, ta kuma fitar da gawa daga manyan jif-jif masu kama da ɗaki. Ƙaramar mota takan lotse, takan murƙushe, takan wuntsila. Amma ta yage a tsakiya kamar takarda? Wannan ba ta taɓa gani ba.

Direban a-kori-kurar yana zaune a ƙasa, hannu biyu a ka. Mai kai ƙwai shaguna ne.

"Wane irin gudu kake yi?"

"Gudu, ranki ya daɗe? Da ƙwai a baya? Wallahi ni ko mai keke yana wuce ni. Tana shan kwana na taɓa gefenta, ta juya ta bugi dakali, sai kawai na ga mota ta zama biyu."

"Birkinka lafiya?"

"Lafiya lau."

Sajan ya leƙa ciki ya taka birkin. Ƙafarsa ta tafi har ƙasa.

Mai Ƙwai ya sunkuyar da kai. "Sai an taka sau biyu yake kamawa. Yau nake cewa zan kai shi."

"Kowa yau yake cewa," in ji Sufeto.

Ta taka taya ta hau bayan motar. Kiret-kiret ne jere har sama, an ɗaure da igiya. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana dubawa, Sajan yana ƙasa yana kallonta yana mamaki.

"Ranki ya daɗe, ciniki za mu yi?"

"Huɗu," ta ce.

"Huɗu me?"

"Ƙwai huɗu suka fashe. Bugun da ya raba mota biyu, ya kasa fasa ƙwai biyar."

Da suka koma ofis, Yallaɓai, shugaban ofishin, bai bari ta gama bayani ba.

"Sufeto, kada ki jawo mana aiki inda babu. Babbar mota ta bugi ƙarama, birki ba ya ci, rai ya salwanta. Tuƙin ganganci da kisa. Ƙarfe huɗu fayil ya kasance a teburina, gobe da safe kotu."

"Yallaɓai, ƙwai huɗu ne..."

"Ko ɗaya ne! Waɗannan motocin iska ma kayar da su take yi. Kowa ya sani."

"Abin da kowa ya sani shi nake tsoro, Yallaɓai. Ba wanda yake komawa ya duba shi."

"Ƙarfe huɗu."

Ta fito. Mai Ƙwai yana tsare a bayan kantar ofis, an karɓe masa bel da takalmi. A bakin ƙofa matarsa ce tsaye da goyo, ta ƙi zama, ta ƙi tafiya. In aka caje shi da kisa, kafin ya fito wannan goyon ya shiga makaranta.

An jawo ɓarin motar biyu an ajiye a farfajiyar ofis. Sufeto ta zaga su sau uku. Ta durƙusa ta shafa bakin ƙarfen inda ya rabu. Ƙarfen da ƙarfi ya yaga yakan yi haƙora, yakan lanƙwashe. Wannan kuwa a miƙe yake, sai 'yan ɗigon walda jefi-jefi, sun yi tsatsa, kamar ɗinkin bakin buhu.

"Ɗaga min kafet ɗin nan."

Sajan ya finciko shi. A ƙarƙashi, daɓen ɓarin gaba kore ne shar.

"Na baya fa?"

Ya ɗaga. Ja ne wur.

Sajan ya ce, "Mota ɗaya, uwa biyu."

"Motoci biyu ne da suka riga suka yi haɗari. An yanki gaban wannan, an yanki bayan waccan, an liƙa, an watsa farin fenti." Ta nuna ramukan ƙusoshin kujerar direba. Daidai kan layin haɗin suke. "Ta ɗaura bel, Sajan. Ta yi duk abin da ake cewa a yi. Kujerar ce ta fita da ita."

Ta kankaro ɓawon fenti kore da ja, ta zuba a ambulan. Agogo ya nuna sha biyu saura.

Mijin marigayiya malamin makaranta ne, siriri, mai farin gilashi. Ya bar masu gaisuwa a waje ya shigo da Sufeto da Sajan falo. Rigar aikinta ta gobe tana rataye a jikin ƙofa, an goge ta tsaf. An ba Sufeto kujera, ta yi godiya, ta ci gaba da tsayuwa.

"Allah ya jiƙanta, Malam. Ina ta sami motar?"

"Ƙanena ne ya samo mata. Mai walda ne, amma ya san mutane a harkar motoci. Wata takwas kenan."

"Ta taɓa yin ƙorafi a kanta?"

"Sai dai in an yi ruwa, takan ce yana shigowa ta ƙarƙashin kujera. Ƙanen nawa ya karɓa ya shafa mata kwalta." Ya cire gilashin ya goge idonsa. "Kada ki ga laifinsa. Shi kansa bai so ta ɗauke ta ba. Kullum faɗa yake, ƙaramar mota ba abar yarda ba ce. Ko 'ya'yansa ba ya bari su shiga."

Sufeto ta daina zagayen da take yi. "Ba ya bari?"

"Ko kusa. Akwai ranar da ta biya za ta sauke masa su a makaranta, har sun shiga, ya fito da gudu ba takalmi ya fitar da su. Har ta ji haushi, ta ce wato ita ce ba ta da rai. Muka yi ta dariya."

Sajan ya dubi Sufeto. Ita kuwa agogo take kallo.

"Malam, ko za ka raka mu wurinsa? Ba mu san hanya ba."

Wurin aikin Mai Walda fili ne da rumfar kwano, cike da rodi da ƙofofin ƙarfe. Ya ɗage baƙin gilashinsa zuwa goshi da ya ga yayansa tare da 'yan sanda. Idonsa ja, da alama shi ma ya yi kuka.

"Yaya, me ya fito da kai? Ai yanzu nake shirin komowa."

"Tambayoyi kaɗan ne," in ji Sufeto. "Motar matar yayanka, daga ina ta fito?"

"Daga waje, ranki ya daɗe. Yadda aka sauke ta haka na miƙa mata. Ko ƙusa ban kwance ba."

"Kana aikin mota a nan?"

"Ni? Ƙofa da taga. Ga su nan kina gani."

"Ina gani."

Ba ta tsaya ba. Ta ratsa ta tsakanin rodi, ta leƙa bayan rumfa, yana biye da ita yana cewa ta yi hankali da waya. Ta san masu walda. Kafinta yakan ƙona guntun katako, tela yakan share ƙyalle, amma mai walda ba ya iya yar da ƙarfe, ko da lanƙwasasshe ne. Sai ya nema masa wani aikin.

A bayan rumfa akwai akurkin kaji. Rufinsa murfin but ɗin mota ne, ya lotse a tsakiya, kore shar. Can gefe kuma, inda ake kare tartsatsin wuta, an jingine murfin inji da ya murƙushe, ja wur.

Ta zazzage ambulan a tafin hannunta, ta kara ɓawon fentin a jikin kowanne.

"Bayan koriya, gaban ja. Sauran kuma suna farfajiyar ofishina."

Mai Walda ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "Haba, ranki ya daɗe. Kore da ja ai sun cika duniya. A bola na tsinto su."

"Gaskiya ne," ta ce. "Sun cika duniya."

Malam ya shiga tsakani. "Sufeto, don Allah. Yau na rasa matata. Kada ki haɗa min da ƙanena."

Sufeto ta wuce shi. Idonta yana kan wani abu da aka lulluɓe da tamfol a ƙuryar fili. Sajan ya yaye. Wata 'yar ƙaramar mota ce, fara fat, fentin har warinsa bai gama fita ba.

"Ajiya aka ba ni," in ji Mai Walda da sauri. "Lafiyarta ƙalau."

"Madalla. Motarmu ta yi zafi, kuma ina so ka rubuta bayani a ofis kafin ƙarfe huɗu. Sai mu tafi a wannan. Kai za ka tuƙa, mu bi ta babban titi, ka taka ta sosai don lokaci ya ƙure. Malam, zauna a gaba."

Sajan ya buɗe baki zai ce shi ko gwiwarsa ba za ta shiga ba, ta harare shi, ya rufe.

Malam ya gaji, so yake kawai a gama. Ya buɗe ƙofar ya zauna, ya jawo bel.

"Taho mana," ya ce wa ƙanensa. "Mu je ka faɗa musu su bar mu mu yi kukanmu."

Mai Walda bai motsa ba. Sufeto ta zaro makullin daga jikin ƙusar da yake rataye, ta miƙa wa Malam ta taga.

"To kai tuƙa, Malam."

Malam ya koma kujerar direba, ya murza makulli, injin ya tashi.

"Yaya, fito!" Muryar Mai Walda ta fashe har kajin suka watse. Ya ruga ya fizge ƙofar, ya kamo hannun yayansa. "Fito, don girman Allah, fito!"

Malam ya kashe motar. Ya daɗe yana kallon hannun da ya riƙe shi.

"Me ya sa?" ya ce a hankali.

Sajan ya sunkuya ya ɗaga kafet. Gaba shuɗi, baya rawaya, ɗinkin walda ya ratsa ta ƙarƙashin kujerar da Malam yake zaune.

Mai Walda ya zube ƙasa. "Ba ita na yi wa ba, Yaya. Zuwa ta yi ta gan ta a nan, ta ce ita take so, daidai ita. In na ce mata haɗi ce, za ka san sana'ar da nake yi. Na ce a raina daga gida zuwa asibiti ne kawai, ba za ta hau babban titi ba. Na yi ta kushe motar ko za ta haƙura."

"Ka kushe ƙanƙantarta," in ji Sufeto. "Ba ka faɗi abin da ka yi mata ba."

Malam ya fito daga motar. "Ka fitar da naka 'ya'yan," ya ce. "Ba takalmi." Ya juya ya nufi titi, bai ƙara waiwayowa ba.

Sajan ya sa wa ƙanen ankwa. Kafin su tashi Sufeto ta tsaya a gaban Mai Walda.

"Guda nawa ka haɗa?"

"Biyar. Da tata, da wannan."

"Sauran ukun suna hannun wa?"

Ya faɗa, ta rubuta.

Huɗu saura minti goma ta ajiye fayil a teburin Yallaɓai. Ya karanta, ya sake karantawa, ya sosa ƙeya.

"To Mai Ƙwai fa?"

"Laifin birki, shi kaɗai. Ya amsa shi a kotu daga gidansa."

Aka mayar masa da bel da takalmi. Matarsa ta kama hannun Sufeto, shi kuwa ya rantse sai ya kawo mata kiret guda.

"Kai wa bakanike," ta ce. "Ya duba maka birki."

Sajan ya zaro burodinsa na safe, ya lotse a aljihu. Ya jawo mata kujera.

"Ranki ya daɗe, yanzu dai kya zauna."

Ta ɗaga takardar da ta rubuta sunayen. Ta farko a ciki wata mata ce da ke kwaso yaran unguwarsu daga makaranta, kuma ƙarfe huɗu da rabi ake tashi.

"Ɗauko makulli," ta ce.